An bar jaki ana dukan taiki a maganar sinadarai da abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatanku, ina roƙon ku ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu. Na san rubutun ya ɗan yi tsawo, in kun ga dama ku datse, amma dan Allah kar ku datse lambobin, don su ne kan maganar.

Abun da ya zaunar da ni rubutun nan shine yadda maganar "sinadari a abinci" ta zama kasuwa, kullum sai an turo maka saƙo a WhatsApp ko ka ci karo da shi a Facebook, wai kaza yana sa kansa, kaza yana lalata ƙoda, ka tura wa mutum goma kafin ka kwanta, kuma abun haushin wani lokacin har jaridu suke ɗauka su buga yadda ya zo ba tare da an yi tambaya biyu ba, nawa ne a ciki, sannan sai mutum ya ci nawa na tsawon wane lokaci kafin ya cutu. In babu amsar waɗannan to ba labarin lafiya aka ba mu ba, tsoro kawai aka raba mana. Tun ƙarni na 16 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan da ake kira Paracelsus ya kafa wannan ƙa'idar, cewa yawan abu ne ke maida shi guba, kuma har yau a kanta ilimin guba yake tsaye. Ruwan sha ma in mutum ya kwankwaɗi lita da yawa a ɗan ƙanƙanin lokaci yana iya tsinka gishirin jininsa har ya suma.

Ku ɗauki farin magi misali, wanda ba a taɓa barinsa ya huta. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya gano shi a 1908, kuma ainihin abun da ke ba shi ɗanɗano yana cikin tumatir da cuku da nama, har cikin nonon uwa akwai shi. Tsoronsa ya samo asali ne a 1968 daga wata wasiƙa da wani likita ya aika wa mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a Amurka, yana cewa yana jin kasala da bugun zuciya in ya ci abinci a gidajen abincin 'yan Sin, ba bincike ya yi ba, hasashe ya yi, har ya lissafo wasu abubuwan da yake zargi banda magin. Wasiƙa ce zuwa ga edita irin wannan tawa, shi yasa ma nake taka tsantsan da abun da nake rubutawa. Daga baya an yi gwaje-gwaje inda ake ba mutane ba tare da sun san ko magin ne ko ba shi ba ne, ba a samu wata tsayayyar hujja ba, iyaka dai wasu tsiraru kan ji ɗan ciwon kai na ɗan lokaci in sun sha giram 3 ko fiye haka nan ba abinci a ciki. Amma shekara sama da hamsin kenan ana nanata maganar.

Haka aka yi a watan Yulin 2023 da asfatam, sinadarin zaƙin nan da ake sa wa lemon da aka rubuta babu suga. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, mai hedikwata a Lyon ta Faransa, ta saka shi a rukunin 2B, nan da nan duniya ta ɗauka wai an tabbatar yana sa kansa. Alhali 2B na nufin hujjar ba ta da ƙarfi, kuma a rana ɗaya wani kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bar ma'aunin da aka yarda da shi yadda yake, miligiram 40 kan kowane kilo na nauyin mutum, wato mai kilo 70 sai ya wuce gwangwani 9 zuwa 14 a kowace rana kafin ya tsallake iyaka. Wannan rabin labarin kaɗan ne suka kawo shi.

Abun da mutane ba su gane ba game da rukunan IARC ɗin nan, kuma ya kamata jarida ta riƙa bayani duk lokacin da ta ambace su, shine ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa. A 2015 an saka sarrafaffen nama irin su sosej da naman gwangwani a rukuni na 1, rukuni ɗaya da taba sigari, sai aka ce ai cin sosej daidai yake da shan taba. Ina! Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da kanta ta kawo lissafin, mutuwar kansa da ake dangantawa da sarrafaffen nama wajen 34,000 ne a shekara a duk duniya, ta taba sigari kuwa wajen miliyan 1. Duka biyun an tabbatar suna jawo kansa, amma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Ba wai ina cewa a dage da cinsa ba ne, giram 50 a kullum yana ƙara haɗarin kansar hanji da wajen kashi 18 cikin 100, wannan gaskiya ne, a rage.

Toh yanzu ga inda nake so mu je. Wannan mutumin da ya hana a saka farin magi a tukunya, in ka duba gishirin da yake ci sai ka riƙe baki. WHO ta ce babba kar ya wuce giram 5 na gishiri a rana, bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba, amma matsakaicin abun da mutanen duniya ke ci ya kusa giram 11, fiye da ninki biyu, kuma ana danganta mutuwar mutum wajen miliyan 1.89 duk shekara da yawan sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, ta hanyar hawan jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Kuma wani abun dariya, sodiyam ɗin da ke cikin farin magi wajen kashi 12 ne cikin 100, na gishiri kuwa ya kusa kashi 40. Ba a taɓa turo min saƙon "ka tura wa mutum goma" a kan gishiri ba, saboda gishiri ba shi da suna mai ban tsoro, mun saba da shi, kuma ba ya kashe mutum yau-yau, sai ya shekara ashirin yana aikinsa a hankali, ranar da mutum ya faɗi sai a ce ai lafiyarsa ƙalau jiya. Kuma ba wanda ake barbaɗawa kaɗai ba, akwai wanda ke ɓoye cikin burodi da dunƙulen ɗanɗano da taliyar leda da abincin gwangwani.

Suga ma haka. Ma'aunin WHO shine kar sugan da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wajen giram 50 kenan ga babba, in an iya rabin haka ya fi, lemon gwangwani guda kuma yana ɗauke da wajen giram 35. Mutum ya gudu daga asfatam ya koma mai suga yana shan uku a rana, ni dai ban ga ribar ba.

Sai hayaƙin girki, wanda ko a lissafin sinadarai ba ma saka shi. Sama da mutum biliyan 2 a duniya da itace ko gawayi ko kananzir ko kashin dabbobi suke girki, kuma WHO ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000, galibi ta nimoniya. Mata da yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙa. Ga kuma iskar kabon monoksaid daga gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki, ba ta da wari ba ta da kala, mutum barci kawai zai ji yana ɗibarsa. Wannan ba ta jiran shekara ashirin, dare ɗaya ya ishe ta. A nan zan ɗan ratse in ce dan Allah a daina haɗa ruwan bilicin wanki da sauran magungunan wanke banɗaki wai don ya fi ƙarfi, haɗin yana fitar da iskar kulorin ko danginta mai ƙona huhu.

Amma in za a tambaye ni wane sinadari ne ya fi cancanta a ji tsoronsa, zan ce dalma, don ita ce ta karya ƙa'idar da na fara da ita, masana sun ce babu wani adadi nata da aka san ba ya cutarwa a jikin yaro. Jiki yana ɗaukarta kamar kalsiyam ne, sai ya adana ta a ƙashi da haƙori ta zauna shekara da shekaru, in mace ta samu ciki ta sake fitowa cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Yaro ƙarami yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abun da babba zai tsotsa daga adadi ɗaya, musamman in yana da ƙarancin jini ko bai samun abinci mai gina jiki, kuma ɓarnar a ƙwaƙwalwa take, ba ta gyaruwa. Mafi yawan lokaci ba zazzaɓi ba kuka, yaron kawai zai taso baya gane karatu, baya iya natsuwa, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Rahoton UNICEF da ƙungiyar Pure Earth na 2020 ya ce yaro ɗaya cikin uku a duniya, har zuwa miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai ko ta wuce maikirogiram 5 a kowane desilita. Miliyan 800 fa, Malam Edita, ku gaya min sau nawa kuka ga wannan a babban kanun labari.

Daga ina take zuwa? Daga fentin gida mai dalma da ke ɓarewa ya zama ƙura, daga wuraren fasa tsohon batirin mota a narka, daga tsofaffin bututun ruwa, daga tukwanen da aka ƙera da tarkacen ƙarfe, daga wasu nau'ikan kwalli, daga kayan wasan yara masu fenti. Tun 1923 aka fara zuba ta a man fetur a Amurka, duniya ta yi kusan shekara ɗari tana shaƙa kafin ƙasa ta ƙarshe, Aljeriya, ta daina a 2021. A garin Flint na jihar Michigan a 2014 hukuma ta sauya inda ake ɗebo ruwan famfo don rage kashe kuɗi ba tare da an saka maganin hana bututu tsatsa ba, ruwan ya riƙa cin bututun yana kwaso dalma zuwa gidajen mutane, kuma a Amurka ne wannan ba wani wuri ba. A Zamfara a 2010 ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400. A Bangaladash kuma masu sarrafa kurkum ne suke shafa masa wani fenti mai dalma don ya yi rawaya shar ya fi shiga ido, uwa ta saya ta zuba a abinci da hannunta tana ganin ta zaɓi mai kyau.

Na biyu a wajena shine afulatoksin, kuma ina so masu cewa "ni na gargajiya kawai nake ci, ba na cin kayan bature" su saurara da kyau, don wannan ba masana'anta ce ta ƙera shi ba, fumfuna ce ke yinsa a jikin masara da gyaɗa da busasshen barkono da sauran hatsi in an adana su da danshi a wuri mai zafi. An gano shi ne bayan 1960, lokacin da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa daga Burazil. A 2004 a Kenya mutum 317 suka kamu daga gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. Wannan na masu cin mai yawa lokaci guda ne, amma wanda ya fi yawa shine na kaɗan-kaɗan kullum, wanda ke kai wa ga kansar hanta kuma ake danganta shi da tsumburewar yara, yana rukuni na 1 a wajen IARC babu jayayya. In mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B sannan yana cin afulatoksin, haɗarin kansar na iya kaiwa ninki 30 idan an kwatanta da wanda gubar kaɗai yake ci. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi, in ka ba saniya ruɓaɓɓen hatsin don kar a yi asara yana fitowa a madararta. Maganin nasa busarwa sosai kafin a adana, ɗaga buhu daga ƙasa, tsince ƙwayar da ta canja kala ko ta yamushe a zubar, sai kuma allurar rigakafin ciwon hanta B ga jarirai. Babu wani abu mai burgewa a ciki shi yasa ba ya yawo a waya.

Zaiba kuma, wato mekuri, duniya ta san ta ne daga garin Minamata na Japan a 1956, inda wata masana'anta ta riƙa zubar da dattinta a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci, aka riƙa haifar yara da lalatacciyar ƙwaƙwalwa, har aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba sunan garin. A yau hanyar da ta fi shiga gidajen talakawa ita ce man bilicin da sabulunsa, tana hana fata yin baƙi amma tana ratsa fatar ta tafi ƙoda da jijiya, ga rawar hannu ga mantuwa, kuma ba mai shafawa kaɗai ba, tawul da zanin gado da jaririn da ake runguma duk suna samun rabonsu. A 2023 ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar suka amince a haramta duk kayan kwalliya mai zaiba daga 2025, amma masu yin man ba sa rubutawa a jikin kwalba, kuma intanet ta sauƙaƙa musu ciniki.

Maganar roba da leda kuwa a tsakiya take, ba tatsuniya ba ce kamar ta farin magi. Sinadarin BPA da ake sa wa wasu robobi da cikin gwangwani yana kwaikwayon sinadarin halittar mace a jiki, Tarayyar Turai ta hana shi a fidar jarirai tun 2011, a 2023 hukumar kula da abincinsu ta rage adadin da take ganin ba shi da illa har ninki 20,000, sannan a ƙarshen 2024 suka haramta shi a kusan duk abun da ke taɓa abinci. Akwai kuma dangin PFAS da ake sa wa tukwanen da abinci baya kamawa da takardar naɗe abinci mai maiƙo da kumfar kashe gobara, ba sa ruɓewa a ƙasa ko a ruwa, suna daɗewa a jini shekaru, ɗaya daga cikinsu, PFOA, ya shiga rukuni na 1 a ƙarshen 2023. Abun da mutum zai iya a nan mai sauƙi ne, zafi da maiƙo su ke sa sinadari ya fita daga roba ya shiga abinci, don haka abinci mai zafi a zuba a kwanon ƙarfe ko tangaran ko gilashi, kar a ƙona leda don hura wuta, tukunyar da rufinta ya fara ɓarewa a sallame ta. Amma in mutum yana da kuɗin abu ɗaya kawai, tsakanin sauya robobin gidansa da sayen murhu mai ƙarancin hayaƙi, wallahi murhun zan ce ya saya.

Wani abun da ke ba ni haushi a irin rubuce-rubucen nan shine yadda ake ɗora komai a kan mai saye, a kula, a lura, a duba. Da me zai duba? Dalma ba ta da ɗanɗano, afulatoksin sau da yawa ido baya ganinsa. A 2008 a Sin aka zuba melamin, wani sinadarin yin roba, a madarar jarirai don gwaji ya nuna tana da furotin da yawa, jarirai wajen 300,000 suka kamu, 6 suka mutu. A 2022 maganin tari na ruwa da ya gurɓata da sinadarin da ake amfani da shi a ruwan sanyaya inji ya kashe yara sama da 300 a Gambiya da Indunusiya da Uzbekistan, ƙodarsu ce ta tsaya. Wace uwa ce za ta gane wannan da ido? Duk inda aka ci nasara a wannan fagen doka ce da gwaji suka yi aiki. Denmak ta taƙaita kitsen masana'anta mai toshe jijiyar zuciya a 2003, ita ce ta farko, kamfanoni suka sauya mai, masu ci ko sani ba su yi ba. An cire dalma daga fetur, dalmar jinin yara ta sauka a ƙasa bayan ƙasa. A Bangaladash bayan masu bincike na jami'ar Stanford da abokan aikinsu na can sun bankaɗo maganar kurkum a 2019, hukumar abinci ta shiga kasuwa da na'urar gwaji ta hannu ana aunawa a gaban jama'a ana cin tara, cikin shekara biyu samfurin da ke da dalma a babbar kasuwar ya faɗo daga kusan rabi zuwa babu.

Roƙona gare ku, Malam Edita, duk lokacin da labarin wani sinadari ya zo teburinku, kafin a buga a sa wakili ya nemo waye ya yi binciken, a kan mutane aka yi ko a kan ɓeraye, adadin da aka ba ɓerayen ya yi kusa da wanda mutum ke ci ko ya ninka shi sau ɗari, sannan in an ce haɗari ya ƙaru da kashi kaza a gaya mana daga nawa zuwa nawa. Kuma ku riƙa tambayar hukumomin kula da abinci da magunguna samfur nawa suka gwada a bana, me suka samu, ina sakamakon yake, ku buga mana shi da lambobinsa. In da hali ku ware shafi ko sau ɗaya a wata ku gayyato masana guba da likitocin yara su amsa tambayoyin masu karatu, ku fara da dalma a fenti da batir.

Na gode da filin da kuka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Wani mai bibiyar jaridarku